Amfanin Taswira da Zane Wajen Inganta Aiki

Daga Sashen Lissafi

Gabatarwa

Akwai tambayar da ɗalibai ba sa gajiya da yi duk sa'ad da aka kai darasin ƙididdiga, wato, ina amfanin zanen giraf ga mutum bayan ya bar makaranta? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsar da ta fi wadda minti arba'in na aji zai ɗauka.

A wannan rubutu za mu yi bayani a kan wasu taswirori da zane-zane waɗanda masana'antu, asibitoci da ofisoshi suke amfani da su domin su san ko aikinsu yana tafiya daidai, in kuwa ba ya tafiya daidai, su gane inda matsalar take. Yau kwamfuta tana zana su cikin ƙiftawar ido, amma da fensir, rula da takardar giraf aka fara su, har yanzu kuwa waɗannan sun isa. Muna roƙon iyaye da 'yan'uwa na ikkilisiya kada su tsallake wannan shafi don sun ga lambobi, gama batun ya shafi duk wanda aka danƙa wa aiki ko aka sa shi bisa kan ma'aikata.

Ba Abu Biyu da Suke Daidai

Mai ƙosai takan ɗebo ƙullu da hannu guda tun asuba har hantsi, amma in aka ɗora ƙosanta a sikeli ɗaya bayan ɗaya, da kyar za a sami biyu masu nauyi ɗaya. Ɗalibin da ya ci maki 62 a gwajin wannan mako yana iya cin 57 a mako mai zuwa, alhali bai ƙara ƙwazo ba, bai kuma rage ba. Ko injin da ya fi kowane tsada, in yana yanka ƙusoshi, sai an sami ɗan bambanci a tsawonsu in an auna da kyau. Bambanci yana cikin kowane aiki. Abin tambaya shi ne, wane irin bambanci ne?

Dalilan da suke kawo bambanci iri biyu ne. Na fari za mu kira su 'yan gida. Suna da yawa, ƙanana ne, kullum kuma suna nan: ɗan canjin zafin wuta, danshin gari, gajiyar hannu, iskar ranar. Ba wani guda a cikinsu da za a nuna da yatsa a ce shi ne ya jawo, domin duka a haɗe suke aiki, kuma daga tsarin aikin kansa suke fitowa. Na biyu shi ne baƙon dalili. Wannan ba kullum yake nan ba, daga waje yake shigowa: sikeli ya lalace, an sayo wani gari dabam, an sa sabon ma'aikaci ba a koya masa ba. In baƙo ya shigo, ana iya binsa a kama shi, gama ruwa ba ya tsami banza.

Maganin iri biyun nan ba ɗaya ba ne. Baƙon dalili nemansa ake yi a fitar. 'Yan gida kuwa ba sa fita da faɗa ko horo, sai an canja tsarin aikin ɗungum. Duk wanda ya kasa rarrabe su zai yi ta ba da maganin da ba na ciwon ba.

Wanda Ya Fara

Mutumin da ya fara sa wannan tunani a zane shi ne Walter Shewhart, Ba'amurke masanin fiziks, wanda aka haifa a 1891, ya rasu a 1967. Yana aiki ne a kamfanin Western Electric, wanda yake ƙera kayan wayar tarho. Wasu kayan a ƙarƙashin ƙasa ake binne su, saboda haka in suka lalace, gyaransu yana cin kuɗi da lokaci ƙwarai. Injiniyoyin kamfanin sun lura da wani abin mamaki: duk lokacin da aka ga kaya ya ɗan kauce aka yi maza aka taɓa injin, maimakon a sami sauƙi sai bambancin ya ƙaru.

Ranar 16 ga Mayu, 1924, Shewhart ya miƙa wa shugabansa wata gajeriyar takarda, a cikinta akwai wani ɗan zane. Wannan zane shi ne muke kira taswirar sa-ido. A 1931 ya buga littafi cikakke a kan hanyar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Amurka masu ƙera kayan yaƙi sun koyar da ita ga ma'aikatansu masu yawa.

Yadda Ake Zana Taswirar Sa-ido

Taswirar tana da sauƙi. A layin kwance ana jera lokaci, wato rana ta 1, ta 2, ta 3, haka nan. A layin tsaye ana sa abin da ake aunawa. Sa'an nan a ja layuka uku a kwance: layin tsakiya, wanda shi ne matsakaicin awo, da iyaka ta sama, da iyaka ta ƙasa. Kowane awo sai a ɗiga shi a wurinsa, a haɗa ɗigogin da layi bi da bi.

Bari mu ɗauki misali. Lambobin nan mun shirya su ne domin koyarwa kawai. A ce wani mai gidan burodi yana auna burodi guda kowace safiya har kwana goma, ya sami nauyin nan a giram: 502, 498, 503, 497, 500, 503, 497, 502, 500, 498.

Mataki na fari, a nemi matsakaici. Jimlarsu 5,000 ce, in an raba da 10 an sami 500. Wannan ne layin tsakiya.

Mataki na biyu, a duba ratar da ke tsakanin kowace rana da wadda ta biyo ta, ba tare da kula da ko hawa aka yi ko sauka ba. Daga 502 zuwa 498 ratar 4 ce, daga 498 zuwa 503 kuma 5 ce. In muka bi su duka za mu sami 4, 5, 6, 3, 3, 6, 5, 2, 2. Jimlarsu 36, su tara ne, saboda haka matsakaiciyar rata 4 ce.

Mataki na uku, a ninka wannan 4 da 2.66. Wannan lamba masana ne suka lissafta ta, ita ake amfani da ita duk sa'ad da ake ɗaukar awo ɗaya-ɗaya. An sami 10.64, mu ce 11. A ƙara 11 a kan 500, iyaka ta sama ta zama 511. A ɗebe 11 daga 500, iyaka ta ƙasa ta zama 489.

Mun tsaya a kwana goma ne don kada lissafin ya yi tsawo. A aikin gaske ana so a tara awo 20 zuwa 25 kafin a amince da iyakokin. A kuma lura da abu guda: mai gidan burodin bai zaɓi 489 da 511 da kansa ba. Aikin ne ya faɗi iyakarsa da bakinsa. Abin da iyakokin suke cewa shi ne, muddin 'yan gida ne kaɗai suke aiki, kusan kowane burodi zai faɗo tsakanin lambobin nan biyu.

Yadda Ake Karanta Ta

A ce ran kwana na goma sha ɗaya an sami 494. Ya gaza matsakaici, amma yana cikin iyaka. Taswirar tana cewa a bar injin yadda yake, a kuma bar ma'aikata su yi aikinsu. In kuwa wata rana aka sami 515, ya ƙetare iyaka ta sama, baƙo ya shigo ke nan. A ranar nan, tun abin yana da ɗumi, sai a tambaya: me ya canja yau? Wa ya auna ƙullun? Da wane sikeli?

Akwai alama ta biyu. In ɗigo takwas a jere suka faɗo gefe ɗaya na layin tsakiya, ko da ba wanda ya ƙetare iyaka, wani abu ya gusa. Dalili kuwa shi ne, in aiki yana tafiya yadda ya saba, faɗowa sama ko ƙasa da layin kamar jefa kwabo ne, kuma samun fuska ɗaya sau takwas a jere yakan faru ne kamar sau ɗaya cikin 128. Wannan ƙa'ida tana cikin waɗanda kamfanin Western Electric ya buga a littafin jagoransa na 1956. Alama ta uku ita ce ɗigogi shida ko fiye su yi ta hawa ko su yi ta sauka ba tsayawa, kamar yadda yakan faru in wuƙar inji tana dakushewa kaɗan-kaɗan. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba.

Ba kowane baƙo ne mugu ba. In ɗigo ya ƙetare iyaka ta wajen alheri, misali aka ga ɓarna ta ragu ƙwarai a wani mako, shi ma a bi sawunsa, domin wataƙila wani ma'aikaci ya gano hanyar da ta fi, wadda ya kamata kowa ya koya.

Me ya sa aka sa iyakokin a nan, ba kusa ba, ba kuma nesa ba? Masana ƙididdiga suna da ma'aunin warwatsuwar lambobi da suke kira sigma. Shewhart ya sa iyakokinsa nisan sigma uku sama da ƙasa da matsakaici, lambar nan 2.66 kuwa gajeriyar hanya ce ta kai wa can. In lambobin suna bin tsarin nan mai siffar ƙararrawa da muke koyarwa a babban aji, kamar 3 ne kawai cikin 1,000 za su fita iyaka ba tare da baƙon dalili ba. In iyakar ta matse, za a yi ta farautar abin da babu. In ta yi faɗi da yawa, ɓarawo zai shiga ya fita ba a sani ba.

Sai gargaɗi mai muhimmanci. Kasancewar aiki cikin iyaka ba ya nufin aikin yana da kyau, yana nufin dai ya zauna a kan hali ɗaya. A ce mai burodin nan ya rubuta a leda cewa burodinsa ba ya gaza giram 500. A cikin goman da muka auna, huɗu sun gaza. Taswira ba ta nuna baƙo ko ɗaya ba, duk da haka ana tauye masu saye. Laifin wa? Ba na mai kwaɓa ƙullu ba ne. Tsarin ne yake ba da haka, mai ikon canja tsari kuwa shi ne maigidan: ko ya ƙara ƙullun kowane burodi har matsakaici ya kai wajen 511, ko ya sayi sikelin da ya fi kyau domin bambancin ya ragu.

Gwajin Duwatsun Ado

Wani Ba'amurke mai suna W. Edwards Deming, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1993, ya koyi wannan ilimi wurin Shewhart. Yana da wani wasa da yakan yi a gaban manyan shugabannin kamfanoni. Yakan kawo akwati cike da ƙananan duwatsun ado, kashi 80 cikin 100 farare, kashi 20 jajaye, a gauraye. Sai ya kira mutane daga cikin masu sauraro su zama ma'aikata, ya ba su wani faranti mai ramuka 50, ya ce kowa ya tsoma ya ɗebo, amma fararen kaɗai ake so. Wanda ya ɗebo jajaye kaɗan sai ya yaba masa, ya yi masa alkawarin ƙarin albashi. Wanda ya ɗebo da yawa sai ya tsawata masa, har ya yi barazanar korarsa. A zagaye na gaba, sau da yawa sai gwanin jiya ya zama abin tsawa na yau.

Lissafi ya nuna cewa a kowace ɗiba ana sa ran jajaye wajen 10, kuma duk abin da ya faɗo tsakanin 2 da 18 aikin 'yan gida ne. Ba gwani a cikinsu, ba kuma rago. Jajayen suna cikin akwatin tun kafin ma'aikatan su zo, wanda ya zuba su ne kaɗai zai iya tsince su.

Kowane aji yana iya yin wannan gwaji da farin wake 800 da jan wake 200 a cikin ƙwarya, kowa ya rufe ido ya ƙirga 50. Darasin kuwa ya wuce lissafi, ya shiga batun adalci. Malamin da ya hori yaro don makinsa ya sauka daga 62 zuwa 57, ko maigidan da ya rage wa yaronsa lada don cinikin rana ɗaya ya yi ƙasa, yana iya zama yana hukunta mutum ne a kan abin da ba ya hannunsa.

Daga Amurka Zuwa Japan

Bayan yaƙi, masana'antun Amurka da yawa sun yi sakaci da hanyar, domin duk abin da suka ƙera ana saye. Japan kuwa yaƙi ya ragargaza ta, kuma a lokacin an san kayanta da araha da saurin lalacewa. A 1950 Ƙungiyar Masana Kimiyya da Injiniyoyi ta Japan ta gayyaci Deming, ya koyar da injiniyoyi, ya kuma yi magana da shugabannin kamfanoni. A 1951 suka kafa lambar yabo ta inganci da sunansa. A 1954 wani masanin, Joseph Juran, shi ma ya je. Ba taswira kaɗai ta ɗaga Japan ba, akwai ƙwazon mutanenta da wasu dalilai, amma kafin 1980 motoci da rediyoyinta sun yi suna a duniya wajen ƙarko, har Amurkawa suka koma suna neman Deming ya koya musu abin da a ƙasarsu aka fara shi.

A cikin Japanawa, Farfesa Kaoru Ishikawa na Jami'ar Tokyo, wanda ya rayu daga 1915 zuwa 1989, ya nace cewa ingancin aiki ba na injiniyoyi kaɗai ba ne. Daga 1962 ya ƙarfafa kafa ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata da suke zama su tattauna matsalolin sashensu, ya kuma yaɗa wasu kayan aiki guda bakwai masu sauƙi, waɗanda yake ganin sun isa warware mafi yawan matsalolin ma'aikata. Taswirar sa-ido ɗaya ce daga ciki. Ga sauran.

Takardar Ƙirge da Zanen Pareto

Takardar ƙirge ita ce mafari. Ana rubuta irin matsalolin a jere, duk sa'ad da ɗaya ta faru a ja ɗan layi a gabanta. Da haka ake barin "muna tsammani" a koma "mun ƙirga".

In an gama ƙirge, sai a zana ginshiƙai, mafi tsawo a hagu, na biye da shi a gefensa, har zuwa mafi gajarta. Wannan shi ne zanen Pareto. An sa masa sunan Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki na Italiya da ya rasu a 1923, wanda ya lura cewa mafi yawan dukiya tana hannun mutane kaɗan. Juran ne ya ga cewa haka abin yake a wajen aiki: dalilai kaɗan ne suke jawo mafi yawan ɓarna.

Ga wani misalin da muka shirya. A ce a wata makarantar kwana an tambayi ɗalibai 100 da suka makara zuwa sujadar safe, aka sami haka: jiran ruwa a famfo 46, jiran karin kumallo 27, share harabar makaranta 12, rashin lafiya 8, nauyin barci 7. Dalilai biyu na fari sun kwashe 73 cikin 100. Nauyin barci, wanda shi ne kowa zai fara zargi, shi ne na ƙarshe. Bulala za ta iya taɓa mutum 7, amma ƙarin famfo ɗaya zai taɓa 46.

Zanen Ƙayar Kifi

Wannan zane da sunan Ishikawa aka san shi. Ana rubuta matsalar a dama, ita ce kan kifin. A ja dogon layi zuwa hagu, shi ne ƙashin baya. Daga jikinsa a fitar da manyan ƙayoyi, kowace da sunanta: mutane, kayan aiki, kayan haɗi, hanyar aiki, awo, da yanayin wuri. Sa'an nan duk waɗanda aikin ya shafa su zauna, kowa ya faɗi abin da yake gani yana jawo matsalar, a rubuta shi a kan ƙayar da ta dace, a kuma yi ta tambayar "don me?" har a kai saiwa.

In matsalar ita ce jiran ruwa, don me ake jira? Domin famfo ɗaya ne yake aiki. Don me? Domin na biyun ya lalace. Don me ba a gyara ba? Domin ba wanda aka ɗora wa alhakin kai rahoto. Ga shi an tashi daga makarar yara an iso ga wani giɓi a tsari. Amfanin zanen shi ne yana ba mai dafa abinci da mai gadi bakin magana daidai da shugaba, sau da yawa kuwa su ne suka fi sanin inda ruwa yake shiga ɗaki. Amma a tuna, abin da aka rubuta a ƙayar kifi zato ne tukuna, sai an koma an ƙirga kafin a tabbatar.

Sauran Ukun a Taƙaice

Zanen ginshiƙan rukuni yana tara awo rukuni-rukuni domin a ga siffarsu. In makin aji ya fito da tudu biyu maimakon ɗaya, alama ce cewa kashi biyu ne na ɗalibai suke zaune a ɗaki guda, kuma koyarwa iri ɗaya ba za ta ishe su ba. Zanen ɗigo-ɗigo yana gwada abu biyu, misali yawan kwanakin fashi da makin jarrabawa, a ga ko suna tafiya tare, ko da yake tafiya tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Na ƙarshe shi ne rarrabewa, wato a ware lambobi bisa ga asalinsu: na safe dabam da na yamma, na damina dabam da na rani. Ma'ajin ikkilisiya da ya gwama baikon watan Agusta da na lokacin girbi ba tare da ya ware su ba, zai zargi jama'a da sanyin zuciya alhali rumbu ne bai cika ba tukuna.

Danginsu a Wajen Kiwon Lafiya

Zane ya daɗe yana ceton rai. A 1858 Florence Nightingale ta yi amfani da zane ta nuna wa hukumomin Ingila cewa cututtukan da ake iya hanawa sun kashe sojojinsu a Yaƙin Kirimiya fiye da raunukan fagen fama.

A ƙasarmu ma akwai misali. Katin awon nauyin jarirai da iyayenmu mata suke kaiwa asibiti yana da tushe a Nijeriya. Wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, wanda ya yi aiki da asibitin mishan na Wesley Guild a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile tun daga ƙarshen shekarun 1950, shi ne ya tsara irin katin da ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Ba taswirar Shewhart ba ce sak, amma hikimar ɗaya ce: awo ɗaya ba ya faɗin kome, jerin awo ne yake magana. In layin yaro ya daina hawa wata biyu ko uku, ma'aikaciyar lafiya ta san akwai matsala tun kafin ido ya ga rama.

Haka kuma sanƙarau, wanda a 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Kowane rani akan sami masu ciwon nan jefi-jefi. Domin a rarrabe abin da aka saba da annoba, ma'aikatan lafiya suna ƙirga sababbin masu ciwo mako-mako, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa iyaka: in aka kai mutum 10 cikin 100,000 a mako guda a gunduma, an shiga annoba, sai a tashi tsaye. Rigakafi ya fi magani, amma sai da ƙirge ake sanin lokacin tashi.

Kammalawa

Ga mai son gwadawa, shawararmu ita ce ya fara da abu ɗaya wanda yake damunsa, wanda kuma ake iya aunawa: yawan masu zuwa ɗakin shan magani kowane mako, mudun hatsin da kicin yake ci kowace rana, ko makinsa na gwajin mako. Ya riƙa rubutawa a kan kari, ya ja layukansa uku. In ya yi niyyar canja wani abu, ya canja abu ɗaya tak, a ƙaramin wuri, ya duba ko taswirar ta motsa. In ta motsa ya riƙe sabuwar hanyar, in ba ta motsa ba ya gwada wata.

Sai dai duk wannan yana tsaye ne a kan ginshiƙi ɗaya, wato gaskiyar lambobin. Taswirar da aka gina da lambobin ƙarya ta fi rashin taswira muni, gama tana sa mutum ya kwanta da ƙofa a buɗe. Deming ya sa kawar da tsoro daga wurin aiki a cikin manyan shawarwarinsa goma sha huɗu, domin ya san ma'aikacin da yake tsoron hukunci zai rubuta abin da maigida yake so ya gani ne. Saboda haka nauyin yana kan kowa. Mai awo ya rubuta abin da ya gani, ko da ba shi da daɗi. Shugaba kuma ya karɓi lambar don gyaran aiki, kada ya mai da ita sandar dukan wanda ya kawo ta. Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki mun san yadda Littafin Karin Magana, sura 11 aya 1, ya ja kunne a kan ma'aunin algus. Ma'auni kuwa ba mudun kasuwa kaɗai ba ne, har da rajistar aji, littafin ma'aji da katin asibiti.

Ga ɗalibanmu masu fita a bana, waɗansunku za su zama injiniyoyi, waɗansu ma'aikatan jinya, malamai, manoma ko 'yan kasuwa. Duk inda kuka sami kanku, kafin ku yanke wa mutum hukunci a kan lamba ɗaya, ku nemi ganin lambobin da suka riga ta, ku tambayi kanku ko baƙo ne ya shigo, ko kuwa tsarin gidan ne yake bukatar gyara. Ubangiji ya ba mu hikima da aminci a cikin aikin hannuwanmu. Amin.